Kwana Uku a Tsibirin Penang da Dattijo: Ina Za a Tsaya a Hango Teku, Wace Hanya Za a Taka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, kuma mahaifina zai kawo mini ziyara a watan Nuwamba. Muna da niyyar yin kwana uku a tsibirin Penang. Shekarunsa sun haura sittin, yana son tafiyar ƙasa, amma gwiwa takan ɗan dame shi. Tunda ka daɗe a can, ina ne za mu tsaya mu hango teku da gari sosai, kuma waɗanne gajerun hanyoyi ne za mu iya takawa ba tare da na wahalar da shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kawo Baba lafiya, ya sa masa albarka a wannan tafiya, kai kuma ya saka maka da alheri da ka fara tunanin gwiwarsa kafin ka yi tunanin hoto.

Abu na farko da zan ja hankalinka a kai shi ne, a Penang ba tsawon hanya ko tsayin dutse ne ke kayar da mutum ba, lokacin da ya fito da kuma danshin iska su ne suke kayar da shi. Wanda ya saba hawan Dala ko Goron Dutse a Kano, ko Kufena a Zariya, ya saba da zafi mai bushewa, inda gumi yake fita iska ta ɗauke shi nan take, jiki ya huce. A Penang gumin ba ya zuwa ko'ina. Yana tsayawa a jiki, riga ta jiƙe sharkaf tun ba a yi minti ashirin ba, mutum yana ta zubar da ruwa amma zafin jikinsa bai sauka ba. Saboda haka hanyar da za ka gani a taswira ka raina ta, ka ce ai kilomita uku ce kawai, ita ce za ta iya sa ƙato ya zauna a gindin bishiya yana haki idan ya kamo ta da rana tsaka, alhali dattijo zai gama ta cikin natsuwa idan ya kamo ta da sanyin safiya.

Agogon ƙasar ma yana ruɗin baƙo. Tun shekarar 1982 aka ja agogon yankin yammacin Malesiya gaba don ya yi daidai da na Sabah da Sarawak, jihohin gabashin ƙasar, sai ya zamana a Penang agogo ya riga rana da fiye da awa ɗaya. A watan Nuwamba asuba tana shiga daf da ƙarfe shida, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai, azahar sai ɗaya ta gota, magariba kuma wajen ƙarfe bakwai. Wannan alheri ne gare ku, domin ƙarfe tara a can hantsi ne mai sauƙi, amma ka sani cewa tsananin zafin yana zuwa ne tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu, kuma a wannan watan a daidai wannan lokacin ne hadari yake haɗuwa. Daga Satumba zuwa Nuwamba ne Penang ta fi samun ruwan sama, kuma yawancinsa da yamma ko da dare yake sauka. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Hayaƙin gobarar daji da kan taso daga tsibirin Sumatra na Indonesiya ya rufe sararin a wasu shekaru tsakanin Yuni da Oktoba yawanci ya wuce a lokacin, kuma babu safiyar da ta kai wadda ta biyo bayan ruwan dare haske, domin ruwan ya wanke iska tas.

Tsibirin bai kai murabba'in kilomita 300 ba, kuma jerin duwatsu masu kurmi sun ratsa tsakiyarsa daga arewa zuwa kudu kamar ƙashin baya. Gabas da duwatsun nan ne birnin George Town da gadoji da masana'antu suke, suna fuskantar babban yankin ƙasar. Yamma da su kuwa gonaki ne da ƙauyukan masunta, suna fuskantar buɗaɗɗen teku na mashigin Malaka. Idan ka riƙe wannan, tsarin tafiyar ya fito da kansa: kallon gabas na safe ne, kallon yamma na almuru ne.

Safiyar farko ku ba wa Bukit Bendera, wanda Turawa suke kira Penang Hill. Ma'anar sunan a harshen Malay tudun tuta, domin a zamanin mulkin Ingila, wanda ya faro da saukar Francis Light a 1786, daga can sama ake ɗaga tuta a sanar da mutanen gari cewa an hango jirgin ruwa yana tafe. Ƙololuwar jerin duwatsun ta kai mita 833, amma inda jama'a ke zuwa ya ɗan haura mita 700. Ba da ƙafa za ku hau ba. Akwai wani jirgi mai bin dogo wanda igiyar ƙarfe take ja daga unguwar Air Itam zuwa sama, an buɗe shi a 1923, aka sabunta shi a 2011. Dogon ya kusa kilomita biyu, kuma a da tafiyar takan ci wajen rabin awa, har da sauya jirgi a tsakiyar hanya, yanzu kuwa cikin kamar minti biyar an kai. Jirgin farko yakan tashi wajen shida da rabi na safe, kuma shi nake so ku kama. Ku yi asuba a masaukinku, ku kira mota ta Grab, manhajar kiran tasi ta waya, ku isa tashar tun da duhu. Wanda ya bari sai ƙarfe goma, musamman ranar Asabar ko Lahadi ko lokacin hutun makaranta, zai iya shafe fiye da awa guda a layi, ya hau ya tarar gajimare ya riga ya sauko ya rufe komai. Idan za ku shiga, ku nemi ɓangaren jirgin da ke fuskantar ƙasa, ka samar wa Baba wurin zama, domin akwai inda dogon yake miƙewa har mutum ya ji kamar ana jan sa a guga daga rijiya.

Da fitowarku daga tasha akwai dandamalin kallo mai shinge. Ku tsaya a nan kafin ku je ko'ina. Za ku tarar fitilun George Town suna ci a ƙarƙashinku, mashigin ruwa baƙi ƙirin tsakanin tsibirin da garin Butterworth, sannan a hannun dama igiyar fitilu guda ta ratsa teku, ita ce gadar Penang ta farko mai tsawon kilomita 13.5 da aka buɗe a 1985. Sannu a hankali sararin da ke bayan babban yankin zai yi ja, ruwan ya koma launin toka, sannan ya koma kamar farantin azurfa, jiragen ruwan da suka kwana a mashigin su fito ɗaya bayan ɗaya. Can hannun hagu, wajen arewa, wani dutse zai bayyana shi kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗun gonakin shinkafa na jihar Kedah, shi ne Gunung Jerai mai tsayin mita 1,217, wanda matuƙan jiragen ruwa na da suke saita hanya da shi. Idan an yi ruwa da dare kuma kuka yi sa'a, za ku ga farin gajimare ya kwanta a kwarin Air Itam kamar an baza auduga, dogayen gidaje sun leƙo ta cikinsa. Ka sa Baba ya riƙo 'yar riga mai kauri, saboda saman ya fi gari sanyi da kamar digiri biyar a ma'aunin zafi, kuma iskar asuba a can tana ratsa jiki.

Tafiyar ƙasar da ta dace da shi tana nan saman. Akwai titi mai kwalta da ke bin doron dutsen, kusan a shimfiɗe yake, inuwa ta rufe shi, yana wucewa ta gaban tsofaffin gidajen hutu da Turawa suka gina don gudun zafin gari. Kuna iya yin kilomita ɗaya ko biyu ku juyo a duk inda ya ce ya isa. A kan wani ɗan tudu kusa da tasha akwai masallaci, gefensa kuma wurin bautar mabiya Hindu, sai dai akwai 'yan matakala kafin a kai. Idan ƙarfinsa ya ba shi, ku biya kuɗi ku shiga wurin da ake kira The Habitat, inda aka shimfiɗa hanya mai kyau cikin kurmi, da gada mai tsawon mita 230 da ta bi ta tsakanin kawunan bishiyoyi, da wani zagayayyen dandamali a sama wanda daga kansa ake ganin kowace kusurwa. Kuɗin shigar ba kaɗan ba ne, amma a ganina nan ne kaɗai dattijo mai ciwon gwiwa zai tsaya a tsakiyar kurmi na gaske ba tare da ya taka saiwa ko laka ba. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya wannan kurmi cikin yankunan da take ba wa kariya saboda halittun da ke cikinsu. Ku yi shiru ku ɗaga kai, za ku iya ganin wani baƙin biri mai farin zobe kewaye da idanu kamar ya sa tabarau, wanda jaririnsa yake zuwa da launin ruwan lemo. Shi mai kunya ne, ganye yake ci, ba ruwansa da mutane.

Za ka ji ɗalibai suna cewa ai hawan Bukit Bendera da ƙafa shi ne abin yi. Gaskiya ne akwai hanyoyi, mafi shahara ita ce titin motocin jif da ya tashi daga bakin lambun tsirrai na Penang, wanda Charles Curtis ya kafa a 1884, kuma tsawonsa kamar kilomita biyar ne, amma a cikin kilomita biyar ɗin nan ake hawan kusan mita 700. Ni ma a shekarata ta farko na raina shi. Na kamo shi wajen sha ɗaya na safe da 'yar gorar ruwa guda, ban kai rabi ba jijiyar ƙafata ta ɗaure, na zauna a bakin kwalta ina kallon tsofaffin 'yan asalin Sin, maza da mata, suna saukowa da tawul a wuya, sun gama nasu hawan tun ina barci. Wata tsohuwa ce ta tsaya ta miƙo mini ruwa da alewa mai gishiri, ta nuna rana da yatsa, ta girgiza kai. Kada ka kai Baba wannan hanya, kuma kada ka yarda da shawarar a hau da jirgi a sauko da ƙafa, domin gangara ta fi hawa cin gwiwa. Idan kai kana so ka gwada ƙarfinka, ka tashi da asuba kai kaɗai ka bi ta wata zagayayyiyar ƙofa da ake kira Moon Gate, kusa da lambun, ka hau matakala na kamar rabin awa zuwa zangon da ake kira lamba biyar, inda masu hawa suka kafa rumfa suna dafa shayi suna bayarwa kyauta. Shi kuma Baba ya zaga cikin lambun, wanda yake shimfiɗe kuma yana da wuraren zama.

Safiya ta biyu ta gandun dajin ƙasa ce da ke Teluk Bahang, a kusurwar arewa maso yamma. Bas mai lamba 101 daga George Town yana kaiwa har kusa da ƙofa, amma yana cin fiye da awa guda, don haka ku ɗauki mota. An ayyana gandun a 2003, shi ne mafi ƙanƙanta a Malesiya, kuma kusan rabinsa teku ne. Ana rubuta suna a ƙofa, baƙi suna biyan kuɗin shiga fiye da 'yan ƙasa, saboda haka ku riƙo fasfo. Bayan 'yar tafiya a bakin ruwa hanya takan rabu biyu. Ta dama tana bin gaɓa zuwa Teluk Duyung, wanda aka fi sani da Monkey Beach, daga can kuma a hau tudu zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Muka Head da aka gina a 1883. Ta hagu tana ratsa kurmi ta tsallake tudu zuwa Pantai Kerachut. Yawancin baƙi ta dama suke so saboda sunanta ya fi yawo. Ni ta hagu nake zaɓa. Teluk Duyung ya cika da rumfuna da hayaniya, hawan hasumiyar yana da tsanani ga mai gwiwa, sannan hanyar gaɓar takan lalace bayan ruwa mai ƙarfi har a rufe ta, don haka ko kana son ta sai ka tambayi ma'aikatan ƙofa halin da take ciki a ranar.

Hanyar Kerachut ta ɗan haura kilomita uku, kuma mai matsakaicin ƙarfi yana yin ta cikin awa ɗaya da rabi. Kusan dukkanta a inuwa take. Rabin farko hawa ne a kan matakala da saiwoyi, akwai inda hanyar ta ratsa tsakiyar tudu kamar an tsaga shi da gatari, jar ƙasa a dama da hagu ta fi tsayin mutum, sannan a gangara har a fara jin ƙarar igiyar ruwa tun ba a ga tekun ba. A watan Nuwamba jar ƙasar nan tana da santsi ƙwarai. Shawarata ita ce ku raba tafiyar: a bakin ƙofa akwai masu kwale-kwalen inji da ake ɗauka haya, ku yi ciniki da ɗaya ya kai Baba ta ruwa, kai kuma ka bi ta ƙasa ku haɗu a can, sannan ku dawo tare ta ruwa. Idan ba ka son barinsa shi kaɗai, ku je ku dawo a kwale-kwalen, babu abin kunya a ciki. Hasali ma ta ruwa ake ganin abin da mai tafiyar ƙasa ba ya gani, wato manyan duwatsun da teku ya goge a kewayen Muka Head, da kurmi ya sauko har bakin ruwa, da gaggafa mai farin ciki tana shawagi tana neman kifi. Ku tsayar da lokacin da zai dawo ya ɗauke ku tun kafin ya tafi, domin waya ba ta cika samun sabis a can ba, ku sa rigar ceto ko bai ce ku sa ba, kuma ku baro wurin kafin azahar.

Abu biyu ne suka sa Kerachut ya fita daban. Na farko wani tafki ne a bayan rairayin, wanda ake tsallake bakinsa ta wata gada mai lilo. A wasu lokuta na shekara igiyar ruwa takan tara yashi ta toshe bakin, ruwan teku ya maƙale a ciki, ruwan rafi ya gangaro daga tudu ya hau kansa, kuma da yake ruwan gishiri ya fi nauyi sai ya zauna a ƙasa, mai daɗin ya zauna a sama, ba su gauraya ba. Irin wannan tafki ba shi da yawa a duniya. Amma ka shirya wa ganinsa a ƙafe, domin idan yashin ya ɓalle ruwan ya tsiyaye, laka kawai za ku tarar da ƙananan ƙaguwa suna yawo a kanta, kuma ko a cike yake ido ba ya ganin rabuwar ruwan daga sama. Na biyu shi ne wurin kula da kunkurun teku da ke ƙarshen rairayin, inda ake kwashe ƙwan da suka zuba a yashi a killace shi har ya ƙyanƙyashe, kuma sau da yawa akan ga ƙananan a cikin kwatarniya. Kada ka shiga ruwan, ko da ka iya iyo. Gaɓar tana da zurfi nan kusa, kuma akwai wata halitta mai kama da farar leda da 'yan ƙasar ke kira obor-obor, wadda harbinta yake ƙuna kamar wuta.

Sai batun ɗaya birin, mai launin toka da doguwar wutsiya, wanda za ku tarar a lambun tsirrai da gandun daji da ko'ina. Wannan ɓarawo ne da ya ƙware. Ya san ƙarar leda, ya san buɗe zif, kuma idan ka zuba masa ido ko ka yi masa dariya haƙora a waje, faɗa ya ɗauka kana nema. Duk abin ci ya shiga jakar baya, kada a riƙe leda a hannu, kada a ba shi komai. Ka faɗa wa Baba tun da wuri, saboda dattawanmu akwai tausayi, suna ganin uwa da ɗa manne a jikinta sai su miƙa biskit, kafin su ankara goma sun kewaye su.

Rana ta uku ku sassauta. Da safe mota za ta iya kai ku madatsar ruwa ta Air Itam, wadda ke saman babban wurin bautar mabiya Buddha na Kek Lok Si, inda akwai hanya mai kwalta da ta kewaye ruwan, ba ta kai kilomita uku ba, kuma daga kan bangon madatsar ana hango gari ta tsakanin duwatsu. Bukit Jambul da ke kusa da jami'ar USM, inda 'yan'uwanmu ɗalibai da yawa suke karatu, hawa ne na kamar minti arba'in, daga samansa ana ganin gadojin biyu, har da ta biyun mai tsawon kilomita 24 da aka buɗe a 2014, da tsibirin Jerejak wanda ya taɓa zama gidan yari, amma hanyar ta yi tsaye da yawa ga Baba, kai kaɗai za ka je. Idan ruwa ya tsare ku, akwai dandamalin gilashi a hawa na 68 na ginin Komtar a tsakiyar birni, lif ne yake kaiwa, ya isa ya maye gurbi amma bai kai kallon saman dutse ba.

Yammacin ranar ku tsallaka bayan duwatsu zuwa Balik Pulau, wanda ma'anar sunansa bayan tsibiri. A kan titin Tun Sardon akwai wurin tsayawa da ake kira Anjung Indah, inda mota take ajiye mutum a bakin shinge, babu hawa ko taku goma. Daga nan ake kallon gangaren da ya cika da gonakin duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya da ƙarfin wari, da na gyaɗar ƙamshi, a ƙasa koren filin shinkafa, bayansa duhun itatuwan bakin ruwa, sannan teku har iyakar gani. Lokacin duriyan ya wuce a Nuwamba, tsakiyar shekara ake yinsa, amma za ku sami ruwan gyaɗar ƙamshin da ake sayarwa da ƙanƙara a garin. Ku isa wajen shida da kwata, domin kusa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu rana ba ta jinkiri, da ta taɓa ruwa cikin 'yan mintuna ta nutse. Idan hadari ya rufe yamma a ranar, to ku musanya, ku gwada a yammacin rana ta biyu tunda za ku dawo daga Kerachut da wuri.

Magariba za ta riske ku a can, kuma a nan ne baƙo daga gida yake rikicewa. Mu mun saba cewa a fuskanci gabas, har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu, amma a Penang Makka tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. A watan Nuwamba rana tana faɗuwa ta yamma da ɗan karkata zuwa kudu, saboda haka idan kun fuskanci inda ta nutse, sai ku juya dama da kamar rabin kusurwar ɗaki kafin ku tayar da salla. Idan kun fi son jam'i, gangarawa kaɗan ce zuwa cikin Balik Pulau, inda kusan kowane ƙauye yake da ƙaramin masallacin da suke kira surau, da famfon alwala a ƙofa da silifa a jere don baƙo.